Tulun Baffa Sulle

Ranar da Sunusi ya ga takalma jibge a ƙofar zauren Awaisu, sai da ya ja birkin kekensa a tsakiyar hanya kamar an kira sunansa. Silifas ne da sau-ciki da takalman roba na manoma, wasu kan wasu, har da na Haidar mai shayi, wanda ko gonar kirki ba shi da ita. Damina ta kankama, gero ya kai ƙugu, lokacin shukar wake ya yi. Tun Sunusi yana yawo ba wando, idan wannan lokaci ya zo, a ƙofar gidansu takalman Tudun Kaya suke taruwa.

Dalili kuwa shi ne Ɗan Sulle. Wake ne fari tas, mai manyan ƙwaya da baƙin hanci, mai yaɗo, harawarsa sai an gaji da ɗauri. Matar da ta taɓa yin ƙosai da shi ba ta ƙara kallon waken kasuwa da mutunci. Mahaifin Sunusi, marigayi Baffa Sulle, shi ya riƙe irin nan duk rayuwarsa, bai taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Mai so ya zo zaure, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya ce, "Na zo roƙon iri." Sai a auna masa a ƙoƙo, a yi masa addu'ar damina mai albarka, in kaka ta yi ya kawo abin da ya sawwaƙa. Mutanen gari ba sa wahalar da kansu da ajiya, tunda ƙwari ba sa barin wake ya shekara a ɗakin kowa. Su ci, su sayar, baɗi su dawo zaure.

A garin nan, gidan da ya riƙe iri, sunansa iri yake amsawa. Da can Ɗan Kurugu ake ce wa waken, sai wata shekarar fari ta cinye na mutanen gidan Kurugu ƙaf, suka dawo suna tsugunawa a gaban Baffa, suna ya koma. Sunusi ya ba da labarin nan har mutane suna ƙarasa masa. To me yake da shi in ba wannan ba? Ba sarauta, ba babur, karatu bai yi nisa ba. Amma duk faɗin garin babu mai shuka wake bai ambaci sunan ubansa ba.

Yanzu ga takalma a ƙofar Awaisu. Awaisu fa! Ɗan ƙanin Baffa, maraya da aka ɗauko yana jan majina, suka tashi ɗaki ɗaya. Sunusi ne ya koya masa riƙon fartanya, shi ya nuna masa yadda ake rufe rami da diddige.

Abin haushin, arzikin nan ƙofar Sunusi ya fara ƙwanƙwasawa. Bara wata malamar gona mai suna Siddiqa ta zo daga Rogo a bayan ɗan acaɓa, da sabon irin wake a jaka, tana neman wanda zai gwada. Gidan iri aka nuna mata, ina kuwa za a nuna? Ta zauna ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce masana ne suka ɗauko ƙwayar gado guda daga jikin wata ƙaramar halitta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ido ba ya gani, suka dasa ta a jikin wake. Sai waken ya tashi da maganinsa a jikinsa. Tsutsar nan da ke shiga fure ta huda kwanso, da ta gatsa sai cikinta ya ɓaci, ta daina ci, ta mutu. Mutum da dabba kuwa ba ruwansu. Maimakon feshi bakwai ko takwas, biyu sun isa, su ma don sauran ƙwari masu tsotso.

Sunusi ya saurara har ƙarshe, ya yi 'yar dariya ya ce, "Malama, kin yi ɓatan kai. Mu nan iri muke bayarwa, ba ma karɓa." Ya raka ta har ƙofa cikin mutunci. Ita kuwa ta gangara ƙasa kaɗan ta tarar da Awaisu yana gyaran garma, ta maimaita masa, ya ce to.

Wannan "to" ɗin ce ta jawo komai. Kafin Ɗan Sulle ya fara fure, Awaisu yana tsintar wake. Kwanso cike, ba huda, ba baƙin kashin tsutsa. Mutane suka riƙa tsayawa a bakin gonar suna "Ikon Allah!" Sunan da masana suka sa wa waken babu wanda ya iya riƙewa, kafin sati kowa yana cewa waken Awaisu. Duk lokacin da kalmar ta faɗo a kunnen Sunusi sai ransa ya ɓaci. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma shi ma ya sani. Da wani bare ne ya kawo waken da ya haƙura. Amma yaron da ya goya?

Ya isa gida ya jingine keke da ƙarfi har ƙararrawa ta yi ƙara. Matarsa Murja tana tankaɗe a tsakar gida.

"Mutum nawa suka zo?"

"Ummu Hani ce ta zo. Ƙoƙo ɗaya, wai don harawar tumakinta."

"Sai wa?"

"Sai ni da kaji, Baban Khadija."

Ya koma zaure ya zauna kusa da buhun irin da ya tanada don rabo, buhu cike fam, bakinsa a ɗaure.

Da la'asar sai ga sallama. Awaisu ne. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya gaida shi da gida da iyali da gajiya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na zo roƙon iri."

Wallahi sai da zuciyar Sunusi ta yi fari. Ashe yaron ya gane gida! Ya kwance bakin buhu da sauri, ya cika ƙoƙo har yana zuba, ya ƙara wani. Yana aunawa yana cewa ai dama ya san abin ɗan lokaci ne, waken bature ba ya maye na gado.

Awaisu mutum ne da bai iya ɓoye magana ba, wannan ita ce matsalarsa tun yana yaro. Ya ce, "A'a Yaya, sabon ma zan shuka. Malama Siddiqa ce ta ce kowa ya sa 'yan layuka na waken gida a gefe. Wai tsutsa ta sami inda za ta ci ta hayayyafa. In babu, a hankali waɗanda maganin ba ya kashewa su ne za su cika duniya, sabon waken ya tashi a banza."

Hannun Sunusi ya tsaya a cikin buhu.

"Wato waken ubana ne abincin tsutsa."

"Ba haka nake nufi ba, Yaya."

"Kiwon tsutsa za ka yi da Ɗan Sulle, don naka ya zauna lafiya."

Ba a hana iri a gidan nan, ko maƙiyi ne ya tsuguna. Sunusi ya tura masa ƙoƙunan da ƙafa, addu'ar ma bai yi ba. Awaisu ya juye a cikin hularsa da aljihu, ya yi godiya, ya fita sumui-sumui.

Washegari da hantsi Sunusi ya wanke ƙafa ya tafi wajen Malam Zaharaddini, limamin unguwa. Bayan doguwar gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya ce ta kawo ni. Mutum ya ɗauko abin da ke jikin wata halitta ya cusa a jikin wata, wannan ba shiga aikin Ubangiji ba ne? Ina jiye wa jama'a ne."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. Ya miƙa hannu cikin wata 'yar randa mai jiƙaƙƙen yashi da ke kusurwar zauren, ya zaro ƙaramar kwalba naɗe a leda.

"Ka ga wannan? Allurar ciwon sukari ce, kullum sai na soka. Likitan da nake gani a Karaye ya ce da can daga jikin dabbobi ake samo ta. Yanzu ƙwayar gadon ɗan Adam suka dasa wa wasu ƙananan halittu, su suke yin ta a cikin manyan tukwane na ƙarfe. In na hau mumbari na ce waken nan haramun ne, ai sai in fara da cinyata." Ya mayar da kwalbar cikin yashi. "Akwai masu ilimi da suke ɗari-ɗari da abin, ban hana kowa bincike ba. Amma Sunusi, tambaya ka zo yi, ko akwai amsar da ka zo karɓa?"

Sunusi ya hau sosa ƙeya.

"Ƙaninka ne fa," in ji Malam, a hankali.

Ya fito yana huci. Har liman ma an saye shi da allura! Haka ya riƙa faɗa wa kansa a hanya, alhali ya san ƙarya yake yi.

A teburin Haidar mai shayi abin ya ƙarasa lalacewa. Haidar taubashin Sunusi ne, bakinsa kuwa ba linzami. Safiya ce, benci cike da manoma, Awaisu ma yana gefe yana tsoma burodi. Haidar na ganin Sunusi ya ɗaga buta sama yana tsiyaya ya ce, "A'a, Sarkin Iri da kansa! Bana feshi nawa za a yi wa Ɗan Sulle, goma ko sha biyu? Mai maganin feshi na kasuwar Rogo yana gaishe ka, ya ce kai kaɗai ka rage masa."

Benci ya kwashe da dariya. Sunusi ya ajiye kofi ya miƙe tsaye.

"Ku saurara da kyau. Gonata ta bakin titin Karaye, wadda ke kallon ta Awaisu, zallar Ɗan Sulle zan shuka. Wallahi tallahi feshi biyu zan yi mata, ba zan ƙara ba. In kaka ta yi sai a auna, a ga waken da Allah Ya yi da wanda aka haɗa a kwalba."

Dariya ta ɗauke. Awaisu ya ajiye burodinsa.

"Yaya, don girman Allah ka janye. Ɗan Sulle ba zai iya ba, kai ma ka sani. Ko Baffa sai da ya koma feshi."

"Kai ne za ka gaya min abin da waken ubana zai iya?"

"Ubanmu, Yaya."

"Ubana."

Kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Har Haidar sai da ya sami abin gogewa a kan tebur. Awaisu ya tashi ya tafi, shayinsa ko rabi bai sha ba.

Sunusi ya zazzage buhun nan kaf a gonar bakin titi. Sai Allah Ya kawo wani ruwa mai ƙarfi wake yana cikin tsirowa, ya kwashe layukan gangare, ya ruɓar da na kwari. Da gona ta bayyana sai ga ta tsalli-tsalli kamar kan mai ƙora, kuma daidai wajen da ke kallon titi ne ya fi muni. Ƙetaren titi kuwa waken Awaisu ya tsira layi-layi, ba giɓi. Duk ɗan acaɓan da ya wuce sai ya dubi hagu ya dubi dama. Sunusi yana tsaye yana ganinsu, kowane waiwaye kamar mari.

Iri ya ƙare, sai na tulu.

A kusurwar turakar Baffa akwai wani tsohon tulu, cike da zaɓaɓɓen wake gauraye da toka, an liƙe bakinsa da laka. Shi ne uwar iri. Dokar Baffa a kansa guda ce: ba a fasa bakin tulu sai sabon wake ya shigo gida ya bushe, a juye tsoho a zuba sabo. Ko shekarar da aka ci dusa a gidan ba a taɓa shi ba. Da shi Baffa ya tsira lokacin da mutanen Kurugu suka rasa nasu.

Murja ta tarar da shi tsugune a gaban tulun da ɗan dutse a hannu. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baban Khadija, me za ka yi?"

"Gurbi zan cike."

"Da uwar iri? Ka bar giɓin mana, wa ya taɓa mutuwa don gonarsa ta yi giɓi?"

"Ke ba ki ga yadda suke kallo ba."

"Su kalla! Idonsu ne. Ko rabi ka ɗiba, ka bar rabi."

Rabi ya yi niyyar ɗiba, har ga Allah. Amma da ya je gona ya ga rabin bai rufe wajen titi ba, sai ya dawo ya kife tulun a kan tabarma, ya bubbuga gindinsa.

Kai, gonar ta yi kyau! Ɗan Sulle ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, kore shar, har yana hawa kan iyaka. Sunusi ya dawo da fara'arsa. Yakan zauna a ƙarƙashin ɗorawar bakin gona yana amsa gaisuwar masu wucewa da babbar murya. Ya yi feshin farko da ƙwari suka taso wa ganye. Ya yi na biyu ranar da ya ga furen farko. A lokacin Awaisu da duk masu sabon iri sun fara tsinta, gonakinsu suna bushewa. Sunusi ya ce a ransa, ku gama naku na gaggawa, ku zo ku ga wake.

Abin da bai lissafa ba shi ne, da can duk gari tare ake fure, tsutsa ta rarrabu gona-gona. Bana babu gonar da ke fure a duk yankin sai tasa. Wata safiya ya tarar da furanni zube a ƙasa. Ya tsinki ɗaya a jikin yaɗo ya buɗe da farce. Ga ta nan kwance, fara-fara mai ɗigon baƙi, ta cinye cikin furen tana motsi. Ya buɗe wani, ga wata. Ya ɗaga ganye, ƙananan kwanso sun manne da juna da yana irin ta gizo-gizo, baƙin kashi yana zubowa ta huda. Ya zauna a kan kunya.

Murja ba ta yi masa gori ba, ta dai ce, "Rantsuwa ai tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai, in babu hali ka yi azumi. Ni zan dafa. Ka je ka yi feshi tun da sauran fure."

Gaskiya ta faɗa, addini bai ɗaure shi ba. Washegari ana idar da sallar asuba ya haɗa magani, ya goya famfon feshi, ya bi ta bayan gari don kada ya haɗu da kowa. Yana ɓullowa titi sai ga Haidar tsaye yana jiran mai kawo burodi.

"A'a'a! Sarkin Iri, ina zuwa da goyo tun da sassafe? Na uku ke nan, ko ni ne ban iya ƙirge ba?"

Da Sunusi ya ce "Na uku ne, na yi kaffara," da an yi dariyar kwana biyu an manta. Amma sai ya hango gonar Awaisu a bayan Haidar, an tsince ta tas, ya tuna buhunan da ya ga ana shigarwa gidan a amalanke. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Na aro ne. Mayarwa zan yi."

Ya wuce gonarsa yana kallon gaba, magani yana ƙugi a bayansa. Sai da ya yi nisa ya zubar da shi a gindin wata sabara, ya dawo ta wata hanya.

Da yamma Awaisu ya same shi a ƙarƙashin ɗorawa. Tun ranar shayi ba su yi doguwar magana ba. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Yaya, kai ka rantse, ni ban rantse ba. Ka tafi gida. Zan shiga in feshe ta, in an tambaya in ce ni na yi gaban kaina."

Da wani ne ya kawo wannan dabara da Sunusi ya rungume shi. Amma a ce Awaisu ne ya ceci Ɗan Sulle? A riƙa faɗa a teburin Haidar har jikoki?

"Ka taka min gona, sai mai unguwa ya raba mu."

"Yaya, uwar iri ce a cikin gonar nan. Murja ta gaya wa matata."

"To sai me? Gadonka ne?"

Awaisu ya tashi ya kaɗe wandonsa ya tafi.

Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar. Furen da tsutsa ta bari, rana ta ƙarasa shi. Sunusi ya bi gonar nan kunya-kunya yana ɗaga yaɗo, abin da ya tsinto bai cika ƙwarya ba. Da aka ɓare, ƙwayoyin duk a yamushe, wasu hudaddu, wasu baƙaƙe. Ya zaɓi masu ɗan dama ya binne a kasko da jiƙaƙƙen yashi, yana yayyafa ruwa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsira ba. Da ya tona sai wari.

Murja ta yafa mayafi ta shiga gari gida-gida, wai gaisuwa take yi, tana zagaye-zagaye har ta kai ga tambaya. Wa take ruɗa? Kafin ta kai gida na uku kowa ya san Ɗan Sulle ake nema. Babu. Na bara an ci an sayar. Ummu Hani ta yanke nata tun yana ɗanye ta ɗaure wa tumaki. Layukan gefen gonar Awaisu kuwa tsutsa ta yi musu abin da aka shuka su dominsa.

Sunusi ya daina zuwa shayi. Yakan zauna a zaure shi kaɗai, ya rame, ido ya faɗa. Ya yi kukan ubansa a ɓoye, kuka na gaske. Amma can ƙasan baƙin cikin akwai wani ɗan sanyi da yake ji, wanda ko Murja ba zai iya gaya wa ba. In Ɗan Sulle ya mutu, ai da sunansa ya mutu. Babu gidan da zai gaje shi. Da wannan yake lallashin kansa har ya samu ya ci tuwo.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Awaisu ya yi sallama. Ya shigo yana riƙe da wani abu a ƙarƙashin babbar riga. Ya tsuguna, ya gaida shi kamar ba abin da ya taɓa faruwa, sannan ya fito da 'yar gora ya ajiye a kan tabarma. An liƙe bakinta da laka.

Sunusi ya kalli gorar, ya kalli Awaisu.

"Mene ne wannan?"

"Wanda ka auna min ne, Yaya. Ban shuka duka ba. Na ware wani na zuba a toka, yadda Baffa yake yi."

Sunusi ya fasa lakar da babban yatsa, ya tsiyaya a tafin hannu, ya hure toka. Fari tas, manyan ƙwaya, baƙin hanci, ko huda ɗaya babu. Ɗan Sulle yana raye. Ya kamata ya yi hamdala, ya kamata ya rungume yaron nan ya nemi gafara. Abin da ya taso masa kuwa wani ɗaci ne. Shi ɗan cikin Baffa ya kife tulu, maraya mai waken kwalba shi ya riƙe doka.

"Babu wanda zai ji daga bakina," in ji Awaisu. "Ka shuka a fadama da rani ka ninka shi. Zan taya ka ban ruwa in ka yarda."

Sunusi ya jijjiga gorar kusa da kunne.

"Duka ke nan?"

"Rabi ne, Yaya."

"Ina sauran?"

"Yana ɗakina."

"Nan ne gidan iri. Ka je ka kawo shi."

Awaisu ya ƙara sunkuyar da kai. Tun da aka kawo shi gidan nan bai taɓa ce wa Sunusi a'a ba, ko aike ne cikin ruwan sama.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Duk abin da ka ce in kawo zan kawo, ko bijimina ne. Wannan kam ba zan kawo ba."

"Saboda me?"

"Kai ma ka sani."

Da wane ido Sunusi zai ce a ba shi amana? Awaisu ya yi masa sallama cikin ladabi, ya ja da baya, ya sa takalminsa ya fita.

Masu dawowa daga masallaci sun cika layin, Haidar yana cikinsu, kuma idonsa bai taɓa kuskure ba. Ya ga an shiga da abu a ƙarƙashin riga, ya ga an fito hannu sake. Muryarsa ta shigo zauren tar.

"Alhaji Awaisu mai gidan iri! Me aka kai wa Yaya, ko Ɗan Awaisu ne aka auna masa a ƙoƙo?"

"Haidar, ka ji tsoron Allah," in ji Awaisu.

Amma dariya ta riga ta tashi, kuma Sunusi ya ji wani can baya yana maimaita sunan, yana gwada shi a baki. Ya san garinsu. Kafin damina babu mai kiran waken da wani suna.

Murja ta leƙo ta ƙofar cikin gida, ta ga farin wake a tafinsa, ta ɗaga hannu sama tana "Alhamdulillahi, alhamdulillahi," hawaye yana zuba. Shi bai ko dube ta ba. Ya mayar da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga gorar yana auna nauyinta a hannu, yana tunanin anya rabin da ke ɗakin Awaisu bai fi wannan yawa ba.